Kafin ka shiga da takarda: jagorar bincike a tsakanin masu rauni a Sakkwato

Ranar da na fara fita aikin tambayoyi a wata makarantar firamare da 'yan gudun hijira suka cika a gabashin Sakkwato, ban kai ga buɗe jaka ba wata tsohuwa ta tare ni a bakin aji. Ta dubi takardun da ke hannuna, ta ce, "Ɗana, wanga rubutu na mi na? Sau ukku aka rubuta mu, ba mu ga komi ba." Ba ni da amsa. Na yi ta kame-kame, ita kuma ta koma ta zauna a kan buhunta. Da na zo kanta da tambaya, duk abin da na tambaya sai ta ce babu: babu abinci, babu dangi a gari, babu sana'a. Daga baya na gan ta tana ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, jikarta na jiran ta kai talla.

Ba ƙarya ta yi mini don mugunta ba. Ta san cewa duk mai takarda da biro yana iya zama ƙofar tallafi, kuma wanda ya ce yana da ɗan abin yi ana iya tsallake shi. Wannan ita ce babbar matsalar duk mai binciken walwalar jama'a a wannan yanki, ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ne ko ma'aikacin ƙungiya: mutane suna amsa maka abin da suke zaton zai kawo musu taimako. Matakan da ke ƙasa duk hanyoyi ne na rage wannan, ba tare da ka yaudari kowa ko ka jefa shi cikin haɗari ba.

Da farko, matse tambayarka

Binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna cikin talauci, kuma Sakkwato ce ta zo kan gaba da kusan kashi 91. Idan haka ne, wanda ya ce zai yi bincike kan "talakawan Sakkwato" bai ce komai ba tukuna. Almajirin da ke Gagi, matar da ke jiran aiki a sashen yoyon fitsari na Asibitin Maryam Abacha, dattijon da ya warke daga kuturta ya zauna a Amanawa, da iyalin da suka baro Tabanni zuwa Gandi bayan harin 'yan bindiga na 2018, kowa da irin ciwonsa, kowa da ƙofar da ake bi a same shi.

Zaɓi rukuni ɗaya, wuri ɗaya ko biyu, da tambaya wadda wani zai iya aiki da amsarta. "Matsalolin almajirai" ba tambaya ba ce. "Idan almajiri ya kwanta rashin lafiya, wa ke kai shi magani, kuma wa ke biya?" ita ce tambaya. Kafin ka wuce nan, rubuta sunan ofishin da kake so ya karanta sakamakon. In ba ka iya kawo ko ɗaya ba, sake tunani.

Takardun izini

Duk binciken da ya shafi mutane yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Akwai irin wannan kwamiti a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma a Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Za su nemi bayanin aikin, takardar tambayoyi, da takardar neman yarda da Turanci da Hausa. Ba shi lokaci, don ba ranar da ka kai ake ba ka ba. Bayan haka ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ko ƙungiyarku zuwa ma'aikatar da abin ya shafa da kuma ƙaramar hukumar da za ka.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ɓata lokaci. Su tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'a ta ɗauki shekaru. Wannan tabo yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta fito a 2007. Kai da takardarka kana shiga gidajen da suka ji wannan labari, ko da ba su riƙe sunan maganin ba.

Shiga ta ƙofa, amma kada mai ƙofa ya zaɓa maka

Ba a shiga gari ta bayan gida. A ƙasar Sakkwato ka fara da uban ƙasa, shi zai haɗa ka da hakimi, daga nan mai unguwa da liman. Je ka gaishe su kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, ka bari gaisuwa ta ƙare kafin ka kawo abin da ke tafe da kai. Masu lalura ma suna da nasu sarautun: sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare. Wanda ya tsallake su ya je ya tare mabarata a bakin masallaci zai samu amsa, amma gobe zai tarar an rufe masa baki. Tsangaya kuwa sai ta hannun alaramma.

Wajen mata, namiji ba ya wuce zaure. Dole ka samu mata a cikin tawagarka, kuma gara matan aure ko dattijai da 'yan mata. Sakkwato tana da tsohuwar hanya a nan: tun zamanin Nana Asma'u, jajis, wato malamai mata na ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru, suke shiga gida-gida da karatu, har yau kuma malamar Islamiyya da ungozoma suna shiga inda ma'aikacin gwamnati ba ya shiga. Nemi irin waɗannan su gabatar da ku.

Ga inda ake faɗawa rami. Da zarar ka ce wa mai unguwa kana son mutum ashirin, zai kawo maka ashirin kafin ka shanye ruwan da aka ba ka. Cikinsu akwai ƙaninsa, surukinsa, da maƙwabtan da suke ɗasawa. Ba lallai da mugun nufi ba. Shi ma yana zaton rabo ne, kuma kowa nasa yake fara tunawa. Bazawarar da ke ƙarshen gari, Bafulatanin da ake zargi, da matar da ake ƙyama saboda warin fitsari ba za su zo ba, alhali su ne ka fito nema. Abin da nake yi shi ne in roƙi mai unguwa mu zagaya tare, muna zana taswirar unguwa a takarda muna lissafa gidaje, sannan in zaɓa da kaina a gabansa, misali kowane gida na biyar. Ina ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar makaranta ce, ba ni da ikon canzawa." Wannan yana cire shi daga zargi shi ma, domin wanda ba a shiga gidansa ba ba zai ce mai unguwa ne ya hana ba. Ga mutanen da ba su da jeri, kamar matan da suka ɓoye lalurarsu, sai ka bi ta bakin wadda ka riga ka yi hira da ita, ta tambayi wata ko za ta yarda, ita ce za ta kawo maka amsa.

Gyaran tambayoyi: nan ne aikin yake

Yawancin takardun tambayoyi da Turanci ake rubuta su, sai a bar wa ma'aikaci ya fassara a tsaye a gaban mutum. Ma'aikata biyar, fassara biyar, sakamako kuma a haɗa shi kamar tambaya ɗaya aka yi. Zauna da tawagarka ku fassara a rubuce, ku ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, ku ga inda ma'ana ta zame. Sannan ku gwada a kan mutum biyar zuwa goma a wata unguwa da ba ta cikin binciken. Kuma ku sa kunne ga harshen wurin. Hausar rediyo ba ita ce ta tsohuwar Gwadabawa ba. Wanda ya iya cewa "mi" da "wanga" da "awo" ba tare da kwaikwayo ba ya fi saurin samun hira. A wasu rugage kuma sai da mai jin Fulatanci.

Shekaru. Kada ka ce "shekarunki nawa?" ka rubuta abin da aka ce maka, domin za ka tara talatin da arba'in da hamsin kamar kowa a shekara mai sifili aka haife shi. Yi jerin abubuwan da kowa ya riƙe: rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988, sauke Dasuƙi a 1996, haɗarin jirgin da Sarkin Musulmi Macciɗo ya rasu a ciki a 2006, babbar ambaliyar 2010. "Lokacin da Macciɗo ya rasu, an yi miki aure?" Daga nan sai ka yi lissafi.

'Ya'ya. Mace mai kunya tana iya tsallake ɗan fari, ko ta ƙi kiran sunansa, kamar yadda ba za ta kira sunan maigida ba. Wasu ba sa son ƙidaya 'ya'ya da baki. Waɗanda suka rasu kuma ba a kawo su sai an tambaya a hankali. Bi su ɗaya bayan ɗaya daga na goye zuwa sama, ka tambayi wanda ke hannun kaka da wanda aka kai karatu wani gari.

Samu. "Nawa kake samu a wata?" tambayar mai albashi ce. Mai ga-ruwa ko mai bara ba ya lissafin wata. Tambayi jiya: me aka ci da safe, me aka ci da dare, an ɗora tukunya ko saya aka yi, wa ya kawo. Tambayi damin gero nawa aka samu bara, kuma a wane wata ya ƙare.

Lalura. Idan ka ce "akwai nakasasshe a gidan nan?" za a ce maka babu, ko da yaron yana ɗaki a kwance. Akwai gajerun tambayoyi shida da ake kira na Rukunin Washington, waɗanda ake amfani da su a ƙidaya a ƙasashe da dama. Ba sa kiran sunan lalura, wahala suke tambaya: wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufafi, da fahimtar magana. "Akwai wanda tafiya ke yi wa wuya?" ba ta da zafin "akwai gurgu?" A rubutunka ma ka lura. Mutane da yawa yanzu sun fi son "masu buƙata ta musamman", wasu kuma a cikin ƙungiyoyinsu suna kiran kansu makafi kai tsaye ba tare da jin komai ba. Tambaye su abin da suke so a kira su.

Damuwa. "Lahiya lau" gaisuwa ce, ba amsa ba. Mai imani ba zai ce maka ya fid da rai ba, zai ce "sai godiya". Tambayi barci, cin abinci, faɗuwar gaba, yawan tunani, ko mutum ya daina zuwa suna da biki.

Neman yarda

Izinin uban ƙasa izinin shiga gari ne. Izinin maigida izinin shiga gida ne. Babu ɗayansu da ya zama yardar matar da za a yi wa tambaya. Ita ma sai an tambaye ta, ita kaɗai, kuma an ba ta hanyar ƙi wadda ba za ta ji kunya ba. Ga yadda muke faɗa, kusan kalma da kalma:

"Inna, mu ɗalibai ne, ba rabon kaya muka zo ba. Ba za a ba ki tallafi don kin amsa ba, ba za a hana ki komai don kin ƙi ba. Ba za mu rubuta sunanki ba. In kin gaji ko wata tambaya ba ta yi miki ba, ki ce mu wuce. In kina da aiki yanzu, mu tafi, babu komai."

Jimlar ƙarshe tana da amfani, domin Bahaushiya ba ta iya ce wa baƙo "a'a" a fuska, amma tana iya cewa tana da daka. Faɗi maganar rabo sau biyu, a farko da tsakiya. Za ka ga wasu sun tashi. Bar su su tafi. Waɗanda suka rage sun fi kusa da gaya maka gaskiya.

Dangwala yatsa a takardar yarda yana tsorata mutane, don sun san shi a wajen zaɓe, bashi da kotu. Nemi kwamitin ɗa'a ya amince maka da yardar baki a gaban shaida wanda ba ɗan tawagarka ba.

Yara suna da nasu hukunci. Dokar kare yara ta jihar Sakkwato ta samu sa hannu a 2021, kuma ko babu doka, yaro ba ya ba da izinin kansa shi kaɗai. Matsalar almajiri ita ce iyayensa suna wani gari, wataƙila ma a Nijar. Malam ne ke tsaye a matsayinsu, sai ka nemi izininsa, sannan ka nemi yardar yaron daban. Kada ka yi hirar a gaban malam ko gardi, kada kuma ka shige ɗaki da yaro ku biyu. Zauna inda ana hango ku amma ba a jin ku. Kolo ɗan shekara bakwai ba ya jure fiye da minti goma sha biyar, kuma in lokacin bara ya yi, kowane minti da ka riƙe shi loma ce ka hana shi.

Ranar hira

Lokaci ya fi komai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, don haka ku fara da sassafe ku tsaya kafin azahar. Da damina maza suna gona. Ranar kasuwar gari ba a samun kowa. Almajirai sun fi samuwa ranar Alhamis da safiyar Juma'a da ba a karatu. Da azumi kuwa, bayan la'asar mata suna kan murhu.

Zauna a kan abin da mutum ya zauna. In an kawo ruwa ko fura, karɓa. A Amanawa na ga ma'aikacin da ya noƙe hannu lokacin da wani dattijo ya miƙo nasa, hirar kuma ba ta yi armashi ba har aka tashi. Wanda ya sha maganin kuturta ba ya yaɗa ta. Koya wa tawagarka wannan tun kafin ku fita.

Idan tambayoyin sun taɓa duka, fyaɗe ko abin da ya faru a hannun 'yan bindiga, mace ɗaya kawai za a tambaya a gida ɗaya, kuma sauran gidan su san binciken a matsayin na lafiyar mata. Ku shirya tambayoyin canji. Da zarar kishiya ko uwar miji ta ɗaga labule, ma'aikaciya ta koma kan zancen abincin yara kamar shi ake yi. In mace ta fashe da kuka, a ajiye biro, a kashe rikoda, a jira. Kada a ce mata ta yi haƙuri a ci gaba. Ita za ta ce a ci gaba ko a bari.

Kada ku fita ba tare da jerin wuraren turawa ba, kuma ku je ku gan su da idonku tukuna. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru tana karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi. Yoyon fitsari, Asibitin Maryam Abacha. Yaron da kuka ga dasashinsa yana ruɓewa ko kumatunsa ya kumbura yana wari, wannan ba ya jiran ku gama bincike: ku kai shi Asibitin Noma na Sakkwato (noma sunan wannan cuta ce), wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014, kyauta yake yi, cutar kuma cikin kwanaki take cin fuska. Ga marayu da gajiyayyu akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Ba ka yi alkawarin za a ba su ba, ka dai nuna ƙofa.

Batun ɗan hasafi, ra'ayina shi ne a bayar, amma ƙarami, kuma bayan an gama: sabulu, ko kuɗin mota ga wanda ya taso daga nesa. Wanda ya bar sana'arsa awa guda saboda kai ya cancanci wannan. In ya yi yawa, gobe layi za ka tarar, kowa da labarin da ya ji ana so.

Tsaro da sirri

A Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da Tangaza, kalmar "infoma" tana kashe mutum. Wanda aka gani yana doguwar magana da baƙo mai waya yana iya shiga zargi daga kowane ɓangare. Kada ka tambayi sunan ɗan bindiga, ko wa ke kai musu kaya, ko nawa gari ya tara ya biya, sai in wannan ne ainihin bincikenka kuma kwamiti ya san da shi. Sau da yawa gara a yi hirar da waɗanda suka riga suka taso zuwa cikin gari. Tambayi mutanen wurin halin hanya a safiyar tafiya, ku dawo kafin la'asar, kuma wani a gida ya san inda kuke.

In da manhajar tattara amsoshi irin KoboToolbox ko ODK kuke aiki a waya, kashe GPS mai nuna wurin da aka yi hira a irin waɗannan garuruwa, ku sa wa wayar makulli. Suna a takarda ɗaya, amsa a wata, lamba ce kawai ke haɗa su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka kai ma. Muryoyi kada su bi ta rukunin WhatsApp na tawaga. Hoto kuwa, ni na daina ɗaukar fuska gaba ɗaya. Yaron da ka ɗauka da robar bara zai girma, hoton yana nan a intanet.

Kowane dare ku zauna ku duba takardun ranar tun kuna tuna fuskoki, ku rubuta abin da kuka gani wanda ba a faɗa ba, irin ƙuli-ƙulin tsohuwar nan.

Rubutu da komawa

Rubuta hirarrakin da Hausa yadda aka faɗe su kafin ka fassara. Wajen kawo maganar wani, cire duk abin da zai nuna shi. "Wata bazawara mai 'ya'ya shida daga ƙauye kaza" suna ne a wurin da kowa ya san kowa. Faɗi iyakar aikinka a fili: mutum arba'in a unguwa biyu ba su ne jihar mai ƙananan hukumomi 23 ba. Rubuta kuma abin da mutane suke yi wa kansu, adashi, aikatau, maƙwabcin da ya ba da ɗaki kyauta, domin duk shirin da zai yi aiki a kan waɗannan zai hau.

Sannan ka koma. Sa kuɗin motar komawa a cikin kasafin tun ranar farko, don in ka bar shi sai ƙarshe ba za ka same shi ba. Taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, in da hali har da ajami, tunda da yawa a tsangaya da zaure shi suka fi karantawa. Kai wa uban ƙasa da sarkin makafi ko alaramma kwafinsu, ka karanta wa maza a zaure, abokiyar aikinka ta karanta wa mata a cikin gida. Ka tambaye su inda kuka yi kuskure, ka riƙe biro, domin za su faɗa. A zaman da muka yi a makarantar 'yan gudun hijirar nan, mun rubuta cewa babbar buƙatar mata ita ce abinci. Suka ce a'a, abinci ana samu ko yaya. Abin da ya fi damunsu shi ne makewayi, don sai dare ya yi suke iya fita, kuma 'yan matansu suke jin tsoro. Babu tambaya ko ɗaya a kan makewayi a cikin takardarmu. Muka koma muka sake babi na huɗu na kundinmu.